Ƙadangaruwa Ta Yi Ƙwai a Yashinmu

Litinin, da hantsi

Na ɗauki hutu daga ɗakin karatu, ga ni a gida da rana kamar baƙuwa. Ashe ba mu kaɗai ke zaune a gidan nan ba. Shekara da shekaru ina fita da sassafe in dawo da yamma, ban taɓa sanin wanda ke riƙe da gidan a bayana ba. Yau na gani. Ƙadangaru. A kan katanga, a kan tankin ruwa, a bakin taga, har kan matakalar ƙofa. Wani ƙaton jan gwada ya hau kan bulo yana kallona yana gyaɗa kai, kamar ni ce na faɗo masa gida ba sallama. Na sa masa suna Ciyaman.

Dakta yana asibiti. Mijina ke nan. Ba likita ba ne, kantin magani gare shi, amma unguwa ta laƙaba masa sunan tun kafin in aure shi, shi kuma ya karɓa hannu biyu har ya yarda da kansa. Abin da ya kai mu inda muke ke nan.

Ba zan rubuta abin da suka yi masa ranar Alhamis ba.

Litinin, da yamma

Na kwashe takalmansa na hagu na zuba a buhu. Sai na tsaya da buhun a hannu, ban san inda ake kai irin wannan kaya ba. Na tura shi ƙarƙashin gado.

Laraba, da rana

Kullum abin da nake yi ke nan: in kai masa abinci a kula, in zauna a kujerar gefen gado, in buɗe littafi. Ba na magana. Idona ba ya wuce ƙirjinsa. Daga nan ƙasa bargo ne, bargon kuma akwai inda ya kwanta a shafe.

Yau likitan gaske ya zo zagaye, yayar Dakta tana nan. Ya ce wurin yana warkewa, nan da 'yan makonni za a sallame shi. Sai ya tambaya ko gidanmu yana da matakala. Na ce yana da su. Ya ce to sai an zuba gangare na siminti inda keken guragu zai bi, domin a keke zai zauna na wani lokaci mai tsawo, kuma ba zai sallami mutum zuwa gidan da sai an ɗauke shi kamar buhu kafin ya shiga ba.

Yaya ta gyara mayafi. “Ai ba sai an wahalar da kowa ba, likita. Gidana a shimfiɗe yake tun daga titi har ɗaki. Na ma share masa ɗakin baƙi.”

Na ce, “Yaya, yana da gida.”

“Yana da gida, ƙwarai. A gidan ya yi wata nawa yana ruɓewa ba wanda ya ji wari.”

Na mayar da idona kan littafina. Shi kuwa yana kwance, ya gyaɗa mata kai, ya juyo ya gyaɗa mini.

Na san Yaya. Abin da ya shiga ɗakin baƙinta ba ya fitowa.

Juma'a, da safe

Auta ta shirya komai ta waya daga inda take aiki. Tifa ta juye yashi a ƙofar gida, danye sharaf, ta ce birkila zai zo ranar Litinin. Ba ta tambaye ni ba. 'Yar ubanta ce, sai dai ita tana faɗa bayan ta yi.

Asabar, da hantsi

Na fito da shayi na zauna a matakala. Wata ƙadangaruwa, toka-toka, ciki ya yi mata nauyi, ta hau tulin yashin tana dudduba shi kamar mai neman ɗakin haya. Ta zaɓi gefen da rana ke bugawa. Ta shiga tono da hannuwa, ta huta, ta ci gaba. Da ramin ya yi mata, ta juya ta shige da baya ta yi shiru. Shayina ya huce. Da ta fito na hango farare-farare a ciki, kamar ƙwayar magani. Ta mayar da yashi, ta daddanna shi da hanci, ta share wurin har ba ka cewa an taɓa. Ta kama gabanta ba waiwaye.

Ban taɓa ganin an ɓoye abu da kyau haka ba. Ko da yake, na gani.

Litinin, da safe

Birkila ya zo da shebur da katako da fara'a. Ya soka shebur a yashi na ce ya dakata.

“Akwai ƙwai a ciki.”

“Kaza ce ta yi, Malama?”

“Ƙadangaruwa.”

Ya kalle ni, ya kalli yashin. “Na kiwo ne?”

“Ba na kiwo ba ne. Amma yashina ne.”

“To in ɗiba ta wancan gefen.”

“Tulin zai zame ya danne su.”

“A kawo wani yashin mana.”

“A juye shi a kaina? Ka ga wuri?”

Ya zare shebur ɗinsa a hankali, kamar kada ya tashe su daga barci. Ya ɗaure kayansa a bayan babur yana cije leɓe. “To, Allah ya raya, Malama. In sun fara tafiya sai ki kira ni.”

Talata, da rana

Na leƙa wurin aiki, ba don aiki ba. Ɗakin yana nan da warinsa na tsohuwar takarda, fankar nan mai ƙara tana juyi, wani ɗalibi yana barci a kan jarida. Na wuce kantar ƙarshe, inda littattafan dabbobi suke, waɗanda ba mai ara. Ƙwan ƙadangare yana yin kamar wata biyu kafin ya ƙyanƙyashe. Uwar ba ta dawowa. Zafin rana ne ke yin aikin. In an juya ƙwan, ɗan da ke ciki yana iya mutuwa.

Wata biyu. Likita ya ce makonni. Wannan lissafin ba ya buƙatar ilimi.

Laraba, da yamma

Auta ta kira.

“Mama, ƙwan ƙadangare? Ƙwan ƙadangare fa?”

“Kin ji daidai.”

“Kin san abin da Gwaggo take faɗa wa dangi? Wai kin fara taɓuwa.”

“Gara haka. Mai taɓin hankali ba a kawo masa ziyara.”

“Mama, Baba ne fa.”

“Na san ko wane ne. Na riga ki saninsa.”

Ta ce, “Kina son ya dawo kuwa?”

Na ce mata tukunyata tana ƙuna. Ba abin da na ɗora.

Alhamis, da safe

Ban kira birkila ba.

Asabar, da rana

Kyanwar maƙwabta ta cafke wani matashin ƙadangare a gindin katanga. Ya bar mata wutsiya ya haye. Wutsiyar ta yi ta mutsu-mutsu a ƙasa ita kaɗai, kyanwar tana wasa da ita. Shi kuma yana can sama yana haki. Ba a jima ba na gan shi yana bin ƙuda, gudunsa a ɗan karkace, amma ya kama.

Littafin ya ce takan sake tsirowa, ko da ba kamar ta da ba. Na tuna da na kai wannan layin na rufe shi na cusa a kantar da ba tasa ba, abin da na shekara ina yi wa masu karatu faɗa a kai.

Na sa masa suna Guntu.

Litinin, da hantsi

Zan rubuta wannan a tsanake.

Na zagaya bayan tankin ruwa zan share ganye. Ban cika zuwa wurin ba, lungu ne tsakanin tanki da katanga. Na tarar da 'yar kujera ta tsugunno, da wani gwangwanin biskit a ƙarƙashinta. Na zauna na ɓalle murfin. Ya yi ƙara, ƙwal.

Sai ga su. Daga kan katanga, daga ƙarƙashin tanki, daga cikin bulo, har da Guntu. Suka yi mini da'ira. Ciyaman ya tako har gaban ɗan yatsana ya tsaya, ya ɗaga kai yana jira. Ƙadangaren da ko tari na yi sai ya ɓace.

A cikin gwangwanin: auduga, bandeji, almakashi, kwalbar aidin saura kaɗan, da gutsattsarin biskit a ƙulle a leda. Dakta mai ciwon suga ne, ba ya cin biskit. Ba nasa ba ne.

Kowace safiya, ina ɗaura ɗankwali ina neman makulli, sai ya ce, “Bari in duba tankin nan.” Har na ce masa ya kira mai gyara, ya ce ai yana lura da shi. Ashe nan ne asibitinsa. Nan yake zama ya cire safa ya wanke abin da ya ɓoye mini, yana watsa wa 'yan kallo biskit. Sai da suka saba da shi har suka san ƙarar murfi. Wannan sabo ba na mako ɗaya ba ne, ba na wata ɗaya ba.

Duk gidan nan ni kaɗai ce ban sani ba.

Na watsa musu biskit ɗin. Ba su suka yi mini laifi ba.

Litinin, da yamma

Na kai gwangwanin asibiti na dire masa a kan bargo.

“Abokanka suna gaishe ka.”

Ya daɗe yana kallon murfin. “Babban yana nan? Mai jan kai?”

“Yana nan. Ya fi ka lafiya.”

“Na ɗauka zan iya, Malama. Na warkar wa mutane da irinsa ba adadi. Ƙaramin abu ne da farko, ƙusa ce.”

“Da ya daina zama ƙarami fa?”

Ya shiga gyara bargo.

“Da kai nake, Dakta.”

“Kin san bakinki.”

“Bakina ya taɓa yanke wa wani...” Ban ƙarasa ba. Mutumin gadon kusa ya juya fuska bango.

Ya ce, ƙasa-ƙasa, “Su ba sa cewa, ‘Ban gaya maka ba?’”

“Da na ce. Wallahi da na ce sau ɗari. Da na faɗa a ɗaki, na faɗa a mota, na faɗa a gaban likita. Da ka sha faɗa har kunnenka ya toshe, kuma da yanzu babu buhu a ƙarƙashin gadona.”

“Wane buhu?”

Na ɗauki gwangwanina na fito. Na manta littafina a can.

Talata, da safe

Ban kira birkila ba.

Laraba, da safe

Ban kira ba. Ciyaman da jama'arsa suna taruwa a bayan tanki daidai lokacin da Dakta ya saba zuwa. Na sayo musu biskit. A shago yarinyar ta ce, “Baƙi aka yi?” Na ce masu gida ne.

Juma'a, da rana

Yaya ta zo da akwati ɗibar kayansa. Ta tsaya a kan yashin tana kallo. Wata ƙadangaruwa ta gifta ta kan takalminta, ta yi tsalle kamar budurwa.

“Wannan gida ko daji? Ki sa a yi feshi mana!”

“Sun riga ni zama a nan, Yaya.”

“Ke dai ba a raba ki da amsa.”

Na bar ta ta shiga ɗaki. Ina jin ta tana buɗe durowa tana rufewa, tana magana ita kaɗai. Can sai shiru. Shirun ya yi yawa, na leƙa. Ta janyo buhun, ta ɗauka kayan wanki ne. Tana zaune a ƙasa, takalmi ɗaya a cinyarta, na fita aiki, wanda dunduniyarsa ta cinye ta gefe.

Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Ni na goya shi. Ni na riƙe masa hannu ya fara takawa, daga bakin ɗaki zuwa wurin Inna.”

Na kawo mata ruwa. Ta sha, ta share fuska da bakin mayafi, ta koma Yayar da na sani.

“Juma'a mai zuwa za a sallame shi. In ban ga siminti a ƙofar nan ba, gidana zai tafi. Ba gaba nake yi da ke ba. Amma in ba kya son sa ki buɗe baki ki faɗa, ai kin iya. Kada ki ɗora wa ƙadangare.”

Ta tafi da akwatin. Buhun ta mayar inda ta same shi.

Asabar, da yamma

Ba na son a tura shi a keke. Abin ke nan. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya, wanda ke hawa matakalar nan bibbiyu yana fito. In aka zuba simintin nan, shi ke nan, ya tabbata, kowa da ya wuce ta titi zai gani.

Kuma har yanzu ina so in kwaɗa masa gwangwanin nan a ka.

Lahadi, da rana

Likita ya nuna mana, ni da Yaya, yadda ake duba ɗaya ƙafar. Ta dama. Kullum, in ji shi, tsakanin yatsu, tafin ƙafa, dunduniya, ko ƙwarzane aka gani a zo. Masu irin ciwonsa ba ko da yaushe suke jin rauni a ƙafa ba, wani lokacin kuma suna gani su yi shiru. Da ya faɗi na biyun bai kalli kowa ba.

Bayan ya fita nas ta zo wankin wurin. Na tsaya a bakin ƙofa. Ina hango hannun Dakta ya damƙe ƙarfen gado har jijiyoyi sun tashi, gumi yana bin wuyansa.

Yaya ta sunkuya. “Sannu, ƙanena. Da ciwo?”

“Ba komai, Yaya. Lafiya lau.”

“To madalla. Ka gani, ai sauƙi yana samuwa.”

Ta yarda. Har cikin ranta ta yarda, ta gyara masa filo tana murmushi. A gidanta za a lallaɓa shi, a kai masa abinci har gado, ya ce lafiya lau a ce madalla. Katangarta ma akwai ƙadangaru. Zai samu lungu.

Saura ɗaya gare shi.

Litinin, da sassafe

Na fito da cokalin shayi, da fensir, da robar wanki. Na durƙusa a gaban yashi, mace mai furfura, a bakin titi. Mai kai yara makaranta ya rage gudu yana kallo. Na tona a hankali, da yatsa, har na ji laushinsu. Ba su da tauri irin na kaza, kamar fata suke. Kowanne na ɗiga masa fensir a sama kafin in ɗaga, don kada ya juya. Na cika robar da yashin wurin, na jera su yadda na same su, ɗigo yana kallon sama, na rufe. Ɗaya ya riga ya motse, ba ni ce na yi ba. Na ajiye robar a bayan tanki, inda rana ke sauka da hantsi, na kifa mata tsohon kwando saboda kyanwa.

Ko za su yi, ban sani ba. Littafin bai yi alkawari ba.

Na kira birkila.

“Har sun fara tafiya, Malama?”

“Sun tashi daga gidan. Ka zo da shebur.”

Talata, da yamma

Ya gama. Ya kafa katako gefe da gefe, ya zuba, ya shafe da cokalinsa sumul, ya ja layuka don kada taya ta zame. Ya ce kada kowa ya taka, kuma in riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Yana wanke hannu Guntu ya diro daga taga, ya ratsa ta tsakiyar danyen simintin a guje. Ya bar sawu ƙanana reras, a ɗan karkace, babu layin wutsiya a tsakani.

“Kai! Ɗan banza! Bari in shafe, Malama.”

“Bar shi.”

“Zai bushe a haka fa, har abada.”

“Na ji. Bar shi.”

Laraba, da rana

Na kira Yaya na ce ta dawo da akwati. Ta ce sai ta gani da idonta. Ta zo, ta taka gefen da ƙafa, ta danna da yatsa, ta ce ya cika tsayi. Ta sauke akwatin.

Alhamis, da safe

Na yayyafa wa siminti ruwa. Na yayyafa wa robar kaɗan. Na kira wurin aiki na ƙara hutu.

Juma'a, da yamma

Ya dawo. Ni na tura shi. Ya fi yadda nake zato nauyi, a tsakiyar gangaren keken ya so ya komo da ni baya, na sa kafaɗa. Ya ga sawun a ƙasa ya ce, “Wa ya yi wannan?” Na ce wani ne da bai jira izini ba. Ciyaman yana kan katanga, bai sauko ba. Keken ne bai sani ba tukuna.

Yaya ta zauna har ta ga ya ci abinci, ta ba ni umarni iri-iri, na ce to ga kowanne. Ta kalle ni da tuhuma, ta tafi.

Na ɗauko gwangwanin na ajiye masa a cinya. Ya buɗe. Biskit ne kawai a ciki.

“Wannan naka ne da abokanka. Gobe in kai ka. Akwai roba a wurin, kada ka taɓa.”

Auduga da bandeji da almakashi na jera su a kan teburin falo, kusa da abin kunna talabijin, inda duk wanda ya shigo zai gani.

Na jawo 'yar kujerarsa ta tsugunno na zauna a gabansa. Na fara da ta dama: tsakanin yatsu, tafi, dunduniya. Lafiya. Sannan na ɗage bargon. Ban taɓa gani ba sai yau. Ba zan kwatanta ba. Na warware bandejin yadda nas ta nuna, na jiƙa auduga na ɗora. Hannunsa ya kama hannun keken.

Na ce, “Yaya kake ji?”

Ya fara gyaɗa kai.

“Kada ka gyaɗa mini kai, Dakta. Masu yin haka suna waje a kan katanga. Buɗe baki.”

Ya kalli auduga, ya kalli ƙofa, ya rasa wurin kallo, ya kalle ni.

“Da zafi,” in ji shi. “Da zafi sosai, Malama.”

“Ban gaya maka ba?” tana kan harshena, ta zo har bakin haƙori. Na bar ta a nan.

Na ce, “To. Riƙe kafaɗata, saura kaɗan.”